Ku Tambaya Mu Amsa: Wai a Amurka ma sayen bindiga yana wahala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a raba mana wata gardama da ta kaure a majalisarmu nan Fagge. Yayana yana zaune a jihar Kalifoniya da takardunsa cikakku, kuma yana zuwa filin koyon harbi duk ƙarshen mako, to shine yake ce min wata libarba yake nema, irin mai juyawa ɗin nan da ake zuba wa harsashi shida, kamfanin kaɗan ya ƙera ya daina, wai wata takwas kenan yana yawo shago shago kowane dillali sai ya ce masa ba ta cikin lis. Da na kawo zancen aka yi min caa wai ƙarya ne, ƙasar da ake sayar da bindiga kamar gyaɗa. Wani ma cewa yayi ya bari in ya zo gida hutu ya nemi lasisi a nan yafi sauƙi. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yayanka bai yi maka ƙarya ba, mutanen majalisarku kuma Amurkar fim suka sani. Gaskiya ne gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba su damar riƙe makami, kuma a 2008 kotun ƙoli ta tabbatar cewa mutum ɗaya ma yana da wannan haƙƙin a gidansa, amma jihohi 50 ne kowacce da nata dokar, abinda za ka saya cikin sauƙi a Tekzas sai ka sha wuya kafin ka gan shi a Kalifoniya.

Wannan lis ɗin da dillalai ke faɗa masa ya fara aiki ne 1 ga Janairun 2001. Ma'aikatar shari'a ta jihar ce ke riƙe da sunayen ƙananan bindigogin da aka yarda shago ya sayar wa jama'a, duk wadda ba ta ciki to dillali ba zai sayar maka da ita daga kantarsa ba ko nawa ka ɗauko. Kafin bindiga ta shiga sai kamfanin da kansa ya kai guda uku ɗakin gwaji, a harba harsashi 600 da kowacce a ga ko za ta cije ko ta tsage, sannan a riƙa sakinta daga tsayin kusan mita ɗaya kan kankare a ga ko za ta tashi da kanta ba a taɓa kunama ba. In ta ci jarrabawa kamfanin zai dinga biyan dala 200 duk shekara don sunan ya ci gaba da zama a lis. To kaga inda gizo ke saƙar kenan, kamfanin da ya ƙera 'yan ƙalilan ya daina me zai sa ya ci gaba da biyan kuɗi kan hajar da baya sayarwa? Sai sunan ya faɗi, alhali bindigar lafiyarta lau. Ni a ganina gwajin faɗuwar nan abu ne mai kyau ƙwarai, bindigar da za ta tashi don ta suɓuce daga hannu ai ba abin ajiyewa a gida mai yara ba ce, amma cire suna don kawai ba a sabunta biya ba bai da alaƙa da tsaron ran kowa, kuma masu sha'awar tsofaffin kaya irin yayanka su ne ke shan wahalar.

Kuma kar wani ya ce ya tsallaka Nebada ya sayo, dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali miƙa ƙaramar bindiga ga wanda ba mazaunin jiharsa ba, sai dai a aika ta wajen dillali mai lasisi a jiharka, shi kuma lis ɗin nan dai zai buɗe. Sa wani ya saya maka da sunansa kuwa babban laifi ne, ɗauri ake yi.

Hanyar halak da ta rage masa ita ce ya samu wani mazaunin Kalifoniya da ya riga ya mallake ta kuma yana son sayarwa, su je gaban dillali tare a cike takardu, a binciki tarihinsa, ya jira kwana 10 sannan ya karɓa. Sai dai ya shirya aljihu don masu irin wannan kaya sun san babu a shago, kuɗin kan haura na sauran jihohi sosai. Akwai kuma sassauci ga libarbar da sai ka ja 'yar gudumar da ke bayanta da yatsa kafin kowane harbi in ta kai wani tsayi, da tsofaffin da aka ɗauka a matsayin kayan tarihi, ya tambayi dillali ko tasa ta faɗa ciki.

Shi kuma mai shawarar a zo gida a nemi lasisi, dan Allah ku ja masa kunne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol a rukunin haramtattun makamai, layi ɗaya da mashinga da gurneti, ba wanda ke da ikon ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke ba da izininta, bindigar toka irin ta maharba kuma kwamishinan 'yan sandan jiha, wato mu nan sai a nufi Bompai. Wanda aka kama da fistol ba lasisi ɗaurin aƙalla shekara 10 ke jiransa, don haka in yayanka ya dace ya samu abarsa to ya bar ta can in zai taho, kar ya kuskura ta biyo shi cikin jaka zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano.