Me ya haɗa kwaɗo da ƙadangare a fannin bincike ɗaya?

Malam, ka tambayi dalilin haɗa su alhali ba 'yan gida ɗaya ba ne. Gado ne daga Carl Linnaeus, masanin nan ɗan Suwidin. A rabe-raben halittu da ya fitar a 1758, ya zuba kwaɗi, macizai, ƙadangaru da kunkuru a rukuni guda, har da wasu kifaye. Shi kansa ƙyamarsu yake yi, a ganina shi ya sa bai tsaya tantancewa ba.

Sai a 1825 Bafaranshe Latreille ya ware kwaɗi da danginsu, tunda 'ya'yansu cikin ruwa suke fara rayuwa, suna numfashi irin na kifi. Rukunin ya rabu, amma masu binciken ba su raba gari ba.