Me ya sa tayar tsada ta riga ta araha cinyewa?

Jiya bayan la'asar, muna tsakiyar sauke tayoyin Marsandin Alhajin nan, ka matso kusa da ni ka ce, "Maigida, yaya aka yi taya mai wannan tsada ta suɗe cikin wata 14, alhali ta Corolla ɗin malamin nan na Samaru ta haura shekara uku da sauran zanenta? Ko jabu aka sayar masa?" Na ce ka bari sai mun samu sarari, don ba magana ce ta tsaye ba, kuma mai motar yana wurin ransa a ɓace. To yanzu ga sarari. Mirgino ta baya ɗin nan, ka ɗauko ɗaya daga cikin na Corolla da muka jingine, ka zauna, ɗana.

Ba jabu ba ce. Na duba ta tun jiya. Sa farcen babban yatsanka ka danna zanenta. Ka ji yadda ya shiga? Yanzu danna ɗayar. Wannan taushin da ka ji a ta Alhaji, shi ya biya kuɗinsa, ko bai sani ba. Ka tuna abin goge fensir na makaranta. Mai laushi yana share rubutu tas, amma kafin zango ya ƙare ya zama ɗan guntu. Mai tauri zai shekara a aljihu, sai dai ya bar maka baƙi a takarda. Haka robar taya take. Duk nauyin motar nan, fiye da tan ɗaya da rabi, a kan wurare huɗu yake zaune, kowanne bai wuce tafin hannunka da yawa ba. Roba mai laushi tana nutsewa cikin ƙananan ƙofofin kwalta ta riƙe su, shi ya sa mai irin wannan taya zai taka burki motar ta tsaya inda ya nufa, ya sha kwana da gudu ba ta zame ba. Amma duk riƙon da ta yi, sai ta bar ɗan jikinta a titi.

Irin waɗannan su ne su Michelin Pilot Sport, Pirelli P Zero, Continental SportContact, Bridgestone Potenza da Goodyear Eagle F1. A Turai ana kiran su tayoyin lokacin zafi, domin can idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarsu tana sandarewa ta daina kama ƙasa, sai a cire su a saka na hunturu. Mu nan Zariya wannan ba damuwarmu ba ce, sanyin Disamba da Janairu ba kasafai yake kaiwa can ba. Damuwarmu ita ce zafi da ramuka.

Juya ta ka karanta jikinta, can kusa da kafaɗa, inda aka yi ƙananan rubutu. Ka ga inda aka sa Treadwear da lamba a gabansa? Wannan tsari ne na gwamnatin Amurka. Ana ɗaukar taya a yi ta tafiya da ita a wata hanya da aka ware a jihar Texas, wajen kilomita 11,500, a gwada cinyewarta da ta wata tayar awo da aka ba lamba 100. Wadda aka rubuta wa 300, ana nufin ta ninka tayar awon sau uku wajen jurewa a wancan gwajin. Michelin Pilot Sport 4S, lamba 300 ke jikinta. Na filin tsere da ake iya hawa titi da su, za ka ga 200 ko ƙasa da haka. Tayoyin zirga-zirgar yau da kullum kuwa, irin na malamin Samaru, za ka tarar da 500, 600, har 700. Ka ga tun daga masana'anta an faɗi gaskiya, mutane ne ba sa karantawa. Sai dai kada ka riƙi lambar nan kamar karatun allo. Kowane kamfani shi ke sa wa tayarsa lamba, don haka ta fi amfani idan kana gwada taya biyu na gida ɗaya. Kuma titin Texas ba hanyar Kwangila ba ce.

Wani abin da zai ƙara buɗe maka ido: a Amurka kamfanin Michelin yana ba da garantin mil 30,000 a kan Pilot Sport 4S, wato kusan kilomita 48,000. Amma idan mota ce mai tayoyin gaba da na baya masu girma daban, sai su raba garantin biyu. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

To, laushin roba ya bayyana rabin labarin. Amma wata 14 ya yi kaɗan ko ga irin wannan taya, kuma a nan ne aikinmu yake. Taya tana ba da labarin motar da ta ɗauka, idan ka iya saurare. Kada ka tsaya kallon wajenta kawai yadda masu mota suke yi. Leƙa gefen ciki, wanda ke fuskantar ƙarƙashin mota. Ka gani? Waje da sauran zane, tsakiya da ɗan dama, ciki kuwa ya yi sumul kamar tafin hannu, har zare ya fara leƙowa a nan. Yanzu shafa tafinka a kan zanen daga ciki zuwa waje, sannan ka dawo da shi. Ɗaya hanyar santsi, ɗaya hanyar tana karce ka kamar bakin zarto. Wannan ba laifin roba ba ne. Ƙafar motar ce ta karkace.

Irin waɗannan motoci dama an ɗan kwantar da saman tayoyinsu na baya zuwa ciki don su zauna daram a kwana, saboda haka gefen ciki ya fi ɗaukar nauyi tun asali. Sai kuma a faɗa rami ɗaya mai kyau, ko bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, ya saki, tayar ta koma tana kallon gefe kaɗan maimakon ta kalli gaba sak. Karkatar da ido ba ya gani. Amma yi lissafi da ni. Idan ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Daga nan zuwa Kaduna kilomita 80 ne ko kusa da haka. Ke nan a tafiya ɗaya an goga ta a kwalta wajen mita 700, kamar ka kama ta da hannu ka yi ta dirza ta a dutsen wasa wuƙa. Alhaji kuwa kusan kowane mako yana kan hanyar nan, zuwa da dawowa. Taya mai tauri za ta daure wa wannan na ɗan lokaci. Mai laushi ba ta da wannan haƙurin. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a taya huɗu, aka ce ya je a yi masa alaimen, wato a daidaita ƙafafun motar, ya ce sai wani lokaci.

Sai maganar iska, wadda ita ce tamu kai tsaye, kuma a nan nake so ka fi sauran yaran layin nan. Na ga yadda ake yi: kowace mota ta tsaya, a danna mata 40 ko 45, a buga taya da ƙafa a ce ta yi. Wasu ma lambar da ke jikin taya suke bi, alhali wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin. A Marsandi ka duba cikin murfin tankin mai. Nan aka rubuta iskar gaba da ta baya, da ta lokacin da aka cika mota da mutane da kaya. Iska ta yi yawa, taya ta tura ciki, tsakiya ya cinye ya bar kafaɗu. Iska ta yi kaɗan, kafaɗu biyu su cinye, jikin tayar ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi, kuma wannan ne ke fasa taya a kan gudu. Tayoyin nan masu gajeren gefe suna da yaudara, za su rasa iska mai yawa amma a ido suna nan tsaye. Sai geji. Kuma ka auna da safe ko bayan mota ta huta, domin duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga geji da kusan ɗaya. Mutum ya sauko daga Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ka sa geji ka ga ta hau da 4 ko 5, kada ka sace masa iskar. Idan ta huce za ta koma daidai. In ka rage, da safe zai tashi da taya mai yunwa.

Dawo kan abin da na ce ka riƙe. Karanta girman ta gaba: 225/40 R18. Ta baya: 255/35 R18. Ba ɗaya ba ne. A Corolla, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 muna mayar da na gaba baya, na baya gaba, su raba wahalar daidai. A nan babu wannan damar. Ƙarfin injin motar nan ta ƙafafun baya yake fita, duk lokacin da aka taka totur su ke karɓa, kuma ba mai canjinsu. Dole su riga na gaba ƙarewa. Idan za ka ɗaura irinsu, ka kula da rubutun Outside, wannan fuskar ce ke kallon waje. Mai kibiya a jikinta kuma, kibiyar ta bi yadda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba. Ka juya ta, ka lalata yadda take korar ruwa.

Lambar tsakiyar nan, 35, ita ce tsawon gefen taya, kashi 35 cikin ɗari na faɗinta. Ya kama milimita 89. Ta Corolla, 195/65, tana da wajen 127. Wannan tazarar ita ce katifar da ke tsakanin rim da bakin rami. Idan gajeren gefe ya daki rami, rim yana datse zaren ciki, bayan kwana biyu ka ga ƙulu ya fito kamar ƙwai. Ranar da aka kawo maka irin wannan aka ce ka yi faci, ka ce a'a, ko nawa za a ba ka. Zaren da ya tsinke ba ya ɗinkuwa. Na taɓa zuwa ɗauko tayar da ta fashe daga irin wannan ƙulun a hanyar Funtuwa, abin da na tarar a wurin ba na son ka taɓa ganin irinsa.

Yaushe za ka ce wa mutum tayarsa ta ƙare? Sabuwar irin wannan tana zuwa da zurfin zane milimita 7 zuwa 8. Duba cikin kwarin zanen, za ka ga ɗan tudu a gicciye, wuri-wuri. Tsawonsa milimita 1.6. Idan zane ya yi daidai da shi, magana ta ƙare. Amma ni ba na jiran nan idan damina ta kawo kai. Kwarin nan shi ne magudanar ruwa, kuma taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa ta daina taɓa kwalta. A ruwan Agusta, taya mai ƙasa da milimita 3 a kan gudun 120, sitiyari yana zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Daga 3 nake fara gaya wa mai mota ya shirya kuɗi.

Na san abin da zai biyo baya, Alhaji zai ce a nemo masa 'yan Beljiyam masu sauƙi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kasuwarmu ta koma dogaro da abin da aka shigo da shi, mai kyau da maras kyau. In za ka zaɓa masa, nemi rubutun DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara 4 take faɗa daga ranar da aka ƙera. Tsohuwar roba tana bushewa, zane yana nan cif amma laushin da ake nema ya tafi, ka lanƙwasa ta ka ga ƙananan tsagu a gindin zanen. Ka kuma guji mai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, mai yankan zane sirara birjik kamar an tsaga da reza. Ta hunturun Turai ce. Tana ɗaukar ido saboda zurfin zanenta, amma a kwaltar Maris da Afrilu ba ta daɗewa, burkinta ma ba ya kai na sauran.

Gobe idan ya zo, kai za ka fara yi masa bayani, ina tsaye. Ka nuna masa gefen cikin nan ya taɓa da hannunsa. Ka tambaye shi yadda yake tuƙi. Idan yana son motarsa ta riƙe titi yadda aka ƙera ta, ya sake sayen irinta, ya san duk shekara biyu ko ƙasa da haka zai dawo kan na baya. Idan kuwa daga gida zuwa PZ ne da kai yara makaranta, akwai masu Treadwear 400 ko 500 a girman nan, muddin lambar nauyi da harafin gudu ba su gaza abin da motar ta nema ba. V na ɗaukar kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Kowacce ya zaɓa, ba za mu ɗaura ba sai an duba bushin na baya an kai ta alaimen. Ajiye tayar nan a ciki kada a haɗa ta da na zubarwa, sannan ka kashe kwamfuresa ka kawo makulli.