Gidajen ɗinkin Faransa da suka ƙware a salon bohème: daga ina mace za ta fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wurin aikina zai tura ni kwas na wata uku a birnin Paris, kuma na daɗe ina sha'awar irin dogayen rigunan nan na matan Faransa masu laushi da zanen furanni, masu tattara a hannu da ɗan leshi a wuya, waɗanda na ji ana kira bohème. Da na duba intanet sai sunayen kamfanoni suka yi mini yawa, na rasa na gaske da na kwaikwayo. Waɗanne ne suka ƙware a wannan salo, kuma yaya zan zaɓi abin da zai dace da shigar mutunci ba tare da na zubar da kuɗina a banza ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin a zo kan sunaye yana da kyau ki san abin da kalmar take nufi, domin saninsa shi ne zai hana a sayar miki da kowace riga mai fure da sunan bohème. A da can Faransawa suna kiran al'ummar nan masu yawo, wato Roma ko Jipsi, da suna bohémiens, saboda zaton da suka yi cewa daga yankin Bohemiya suka fito, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. A ƙarni na 19 sai sunan ya koma kan matasan masu zane da marubutan Paris da suke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, suna sa abin da suka samu ba tare da bin ƙa'idar masu kuɗi ba. A ɗinki kuwa salon ya kafu sosai ne a ƙarshen shekarun 1960 da cikin shekarun 1970, lokacin da masu zayyana tufafi suka riƙa ɗauko ado daga Maroko da Indiya da ƙauyukan gabashin Turai. Yves Saint Laurent, wanda aka haifa a Oran ta Aljeriya kuma ya mai da Marrakesh gidansa na biyu, ya fitar da tufafinsa na 1976 masu kama da shigar manoman Rasha, manyan siket da riguna masu faɗin hannu da kallabi, kuma har yau ana komawa gare su ana ɗiba. Abin da ya haɗa salon gaba ɗaya shi ne yadi mai sauƙi da yake bin iska, yanka mai walwala wanda ba ya matse jiki, da ado irin na aikin hannu. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, to sunan kawai aka ara.

Gidan da zan ce ki fara dubawa, ko da ba za ki sayi ko ƙyalle a cikinsa ba, shi ne Chloé. Gaby Aghion, 'yar birnin Iskandariya ta Masar, ita ce ta kafa shi a Paris a 1952, a zamanin da matar da ke son tufafi mai daraja sai ta je an gwada ta an ɗinka mata kaya masu tauri da nauyi. Ita kuwa sai ta kawo riguna masu laushi, ɗinkakku, waɗanda mace za ta shiga kanti ta saya ta sa. Karl Lagerfeld ya yi shekaru da yawa yana zayyana wa gidan, kuma a hannunsa ne rigunan siliki masu shawagi na shekarun 1970 suka zama alamar Chloé. Bayansa an yi Stella McCartney da Phoebe Philo da wasu, sannan a 2023 aka naɗa Chemena Kamali, Bajamushiya, wadda nuninta na farko a farkon 2024 ya dawo da tattara da leshi da dogayen riguna cikin yayi, har ƙananan kamfanoni suka bi sahu. Farashin gidan ba na ma'aikaciya mai kuɗin kwas ba ne, don doguwar riga ɗaya takan haura yuro 1,000 nesa ba kusa ba. Amfanin zuwan shi ne ki horar da idonki da hannunki: ki taɓa yadin, ki juya cikin rigar ki ga yadda aka kashe bakin ɗinki, ki lura da yawan yadin da aka zuba a tattara. Wadda ta riga ta ga wannan ba za ta ruɗu da na kwaikwayo ba.

Isabel Marant ita ce ta biyu a daraja, amma hannunta daban ne. Ta kafa kamfaninta a tsakiyar shekarun 1990, kuma bohème ɗinta yana da ɗan kaushi, domin takan haɗa riga mai surfani da wando da takalmin fata mai wuya, kafaɗu a buɗe, launuka irin na ƙasa. Tana da reshe mai sauƙin kuɗi da ake kira Étoile, kuma nan ne mafi yawan masu saye suke tsayawa. Sai dai yawancin rigunanta gajeru ne, saboda haka abin da zai yi miki amfani a wurinta shi ne rigunan sama da za ki ɗora a kan dogon siket. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai saye ta sani game da salon baki ɗaya. A 2015 al'ummar Mixe ta garin Santa María Tlahuitoltepec a jihar Oaxaca ta Meziko ta yi ƙorafi cewa wata riga ta Marant kwafin rigar gargajiyarsu ce, kuma kamfanin ya amince cewa daga can zanen ya samo asali. Mu da muka san wahalar da mai surfani yake sha kafin ya gama wuyan babbar riga ɗaya ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan dalilin fushinsu. Ina ganin ya dace mace ta tambayi mai kanti inda aka yi aikin da take yabawa.

Idan aikin hannu ne ya fi jan hankalinki, to Antik Batik ne ya fi kusa da abin da kika kwatanta. Gabriella Cortese, 'yar asalin Turin ta Italiya, ta kafa shi a Paris a 1992 bayan tafiye-tafiyenta a Bali da Indiya, kuma har yanzu yawancin surfani da jeren duwatsun ado da bugun zane na kayanta masu sana'a ne suke yi a Indiya. Rigunanta da dama dogaye ne masu dogon hannu, kusan yankan kaftani, na auduga, abin da ya sa nake ganin su ne suka fi sauƙin shiga cikin suturar macen da take yafa mayafi, kuma za su yi miki aiki bayan kin dawo gida cikin zafi. Mes Demoiselles, na Anita Radovanovic, yana kan wannan hanya shi ma, sai dai launukansa sun fi sanyi kuma yadinsa ya fi zama shara-shara.

A tsakiyar farashi, inda riga take tsayawa a 'yan ɗaruruwan yuro, sunan da za ki fi cin karo da shi shi ne ba&sh. Ƙawaye biyu ne suka kafa shi a 2003, Barbara Boccara da Sharon Krief, kuma daga farkon sunayensu aka haɗa sunan kamfanin. Ƙwarewarsu dogayen riguna ne masu zane waɗanda ake sawa a biki ko walima, amma ki riƙa juya rigar ki duba bayanta, domin suna son buɗe baya da zurfafa wuya, kuma hoton gaba ba ya nuna wannan. Vanessa Bruno, wadda ta fara a 1996, ta fi natsuwa, da auduga da lilin da farin leshi, ko da yake an fi saninta da jakarta ta yadi mai ƙyalƙyali a gefe. Sézane kuwa, na Morgane Sézalory, ya fara ne a 2013 a intanet, bayan ita kanta ta yi shekaru tana sayar da tsofaffin tufafi ta eBay, kuma shagonsa na titin Saint-Fiacre da suke kira L'Appartement yakan cika har a yi layi. A gaskiya Sézane ya fi karkata ga shigar birni mai taushi da ɗan kamannin zamanin da, amma rigunansa na sama masu leshi da rigunan sanyi na saƙa suna da kyau, kuma idan kwas ɗinki ya faɗo cikin hunturu za ki gode musu. Rouje, na Jeanne Damas, wanda aka buɗe a 2016, shi ne ya fi yawo a Instagram, amma rigarsa ta naɗe mai tsaga a gaba tana bin jiki, ba na jin ita kike nema.

Akwai gida ɗaya da ba a cika ambata ba a irin wannan magana, kuma ni ina ƙaunarsa, wato Souleiado na garin Tarascon a kudancin Faransa. Zanensa ya samo asali ne daga audugar Indiya mai bugun launi da ta riƙa shigowa ta tashar Marseille a ƙarni na 17, wadda matan Faransa suka so ƙwarai har masu saƙar siliki da ulu suka kai kuka, gwamnati ta haramta ta daga 1686 zuwa 1759. Wadda ta tashi cikin atamfa za ta gane wannan yadi da kallo ɗaya, don ƙananan furanninsa da ake maimaitawa a jere ba baƙon abu ba ne a idonmu.

Yanzu ga abin da ya fi suna muhimmanci, wato takardar da ke manne a cikin rigar. Kasancewar kamfani na Faransa ba ya nufin a Faransa aka ɗinka kayan, don da yawa ana yin su ne a Fotugal ko Indiya ko Sin ko Maroko ko gabashin Turai, kuma wannan ba aibi ba ne muddin ɗinkin ya yi kyau. Abin dubawa shi ne irin zaren. Idan kin ga coton auduga ce, soie siliki ne, lin kuma lilin ne, dukansu suna barin jiki ya sha iska. Viscose, wanda ake yi daga ɓargon itace, shi ne ya fi yawa a dogayen riguna masu fure saboda yana zuba da kyau, amma yana iya tsukewa idan aka wanke shi da ruwan zafi, kuma yana yin rauni idan ya jiƙe. Polyester kuwa, ko an sa masa suna mai daɗi, zai dafa ki a watan Afrilu idan kin koma gida, kuma ban ga dalilin biyan yuro 300 a kansa ba. Bayan haka ki ɗaga rigar wajen haske ki ga ko tana da shafi, domin salon yana son yadi shara-shara kuma sau da yawa shafin yakan tsaya a gwiwa alhali rigar ta kai idon sawu. Wannan ba abin fasa ciniki ba ne, don dogon shimi mai launin rigar yana magance shi, haka ma tsaga tela zai iya rufe ta cikin rabin sa'a. Abin da ba ya gyaruwa shi ne wuya mai zurfi da aka zagaye da surfani, da hannun da aka yanke gajere.

Game da awo, yankan Faransa ƙanana ne idan aka kwatanta da jikin matanmu, musamman a ƙugu da ƙirji. Lamba 38 ta Faransa tana daidai da 10 ta Ingila, kuma wasu kamfanoni irin su ba&sh suna amfani da 0 da 1 da 2 da 3 a maimakon haka. Yawancin gidajen nan ba sa yin manyan lambobi sosai, saboda haka kada ki sayi komai ta intanet kafin ki gwada irinsa a jikinki. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ware yini guda ki shiga Galeries Lafayette ko Printemps a titin Haussmann, ko Le Bon Marché, inda da yawa daga cikin waɗannan sunaye suke ƙarƙashin rufi ɗaya, ki gwada ki rubuta lambarki a kowane gida, sannan wata rana ki zaga unguwar Marais inda shagunansu suke kusa da juna.

Kada ki yi gaggawar biya a makon farko. A Faransa doka ce take tsayar da lokacin babban ragin farashi da suke kira soldes, sau biyu a shekara, ɗaya a Janairu ɗaya daga ƙarshen Yuni, kowanne mako huɗu, kuma ragin yana ƙaruwa yayin da kwanaki suke tafiya ko da yake lambobin tsakiya su ne suke fara ƙarewa. Idan tafiyarki ba ta dace da lokacin ba, gwanjo a can ba abin kunya ba ne: Vestiaire Collective, shafin intanet da aka kafa a Paris a 2009, yana sayar da kayan manyan gidaje da aka taɓa sawa, Vinted kuma, wani shafin gwanjo na intanet, ya cika da Sézane da ba&sh, sai dai a nan ki nemi hoton takardar ciki domin akwai jabu. Tunda kuma ba a Tarayyar Turai kike zaune ba, kuma zamanki bai kai wata shida ba, kina da damar karɓar wani kaso na harajin kashi 20 cikin ɗari da ke cikin farashi, idan cinikinki a shago ɗaya ya haura yuro 100. Ki riƙe fasfonki a jaka, ki ce wa mai kanti kina son détaxe, sannan ki tantance takardar a na'urar PABLO a filin jirgi kafin ki ba da akwatinki. Sharaɗin shi ne kayan su bar Turai cikin wata uku bayan watan da aka saye su, kuma idan da katin banki aka biya to kuɗin yakan ɗauki 'yan makonni kafin ya shigo.