Tambaya da Amsa: Koya wa 'Yan Firamare Al'adun Duniya da Mutunta Juna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati a cikin garin Gombe, ina riƙe da aji huɗu mai yara 74. An ce mu riƙa koya musu al'adun ƙasashen duniya da zaman lafiya da juna, amma babu taswira, babu littafin hotuna, darasin kuma minti 35 ne. Ta ina zan kama? (Malamar aji huɗu, Gombe)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kama daga bencin da ke gabanki. Aji mai yara 74 a garin Gombe da wuya ya rasa Bafulatani da ɗan Tangale da ɗan Tera da ɗan Waja da ɗan Bolewa, wataƙila har da Bayarabe ko ɗan Ibo. Yaron da bai iya mutunta wanda suke zaune benci ɗaya ba, labarin Japan ba zai gyara shi ba.

A makon farko ki tambayi kowane yaro harshen da kakanninsa ke yi, ki rubuta a allo, ku ƙirga tare. Daga nan kowane mako a ɗauki gaisuwar harshe ɗaya, mai harshen ya koya wa aji, a riƙa amsa kiran suna da ita. Minti uku ya isa. Inda abin yake ɓaci shi ne dariya: yara su ji baƙon sauti su fashe da dariya, mai harshen ya ji kunya, gobe ya ce shi Hausa kaɗai ya iya. Maganinsa, ke ki fara furta gaisuwar da bakinki, yaron ya gyara miki a gaban kowa, ki yi masa godiya. Ki fara da harshen da ke da yara da yawa a ajin, kamar "A waali jam?" ta Fulatanci. Kada ki tsayar da yaron da shi kaɗai ne mai harshensa a makon farko, kuma wanda ya noƙe kada a tilasta shi.

Mataki na biyu yana cikin kwanon abinci. Ki zo da masara, gyaɗa, rogo, tumatir, barkono, ganyen shayi, dawa, gero da wake, ɗan kaɗan-kaɗan, da faifai biyu. Ki ce su ware wanda asalinsa na Afirka ne da wanda baƙo ne. Kusan duk za su rantse masara da gyaɗa namu ne tun fil azal. Sai ki gaya musu: masara daga Meziko ta fito, gyaɗa da rogo daga Kudancin Amurka, tumatir da barkono ma daga can nahiyar, kuma duk sai bayan shekarar 1492 jiragen ruwa suka fara fito da su zuwa sauran duniya. Shayi daga ƙasar Sin. Dawa da gero da wake su ne namu, mu muka ba wasu. Wannan darasin yana zama a kan yaro fiye da kowace nasiha, domin da dare zai ga tuwon masara ya tuna manomin Meziko.

Taswira kuwa, ki samo ƙwarya biyu masu girma ɗaya, ki kifa ɗaya a kan ɗaya, ki manne bakinsu da gam. Ki duba hoton duniya a waya, ki zana nahiyoyi bakwai da fensir tukuna, sannan ki bi da alƙalamin maka. Ki shafa wa sauran wurin shuɗi. Yara za su gani da idonsu cewa ruwa ya ci kusan kashi 70 cikin 100. Don nuna yadda dare da rana ke faruwa, a rufe tagogi, yaro ɗaya ya haska tocila, wani ya juya ƙwaryar daga yamma zuwa gabas. Idan ƙarfe 12 na rana ne a Gombe, Makka ƙarfe 2 ne, Indiya 4 da rabi na yamma, Japan 8 na dare.

Ƙasa ɗaya a mako biyu ta isa, wato biyar ko shida a zango. Kowace ƙasa ki bi ta da tambaya uku: me suke ci, yaya suke gaisawa, kuma me ya sa? Ta ukun ita ce darasin. Mutanen Sin suna ci da tsinke biyu, abincinsu kuwa tun kafin a dafa an yanka shi ƙanana. Makiyayan Mongoliya suna kwana a zagayayyen tanti da ake kwancewa a ɗaure, saboda suna bin dabbobinsu wurin ciyawa; ki tambayi yaran wa suka sani mai irin wannan rayuwa, za su ce Fulanin ruga. Habashawa suna haɗuwa a faranti ɗaya su ci injera, wata irin waina mai faɗi, da hannun dama. Mutanen Japan suna rusunawa wajen gaisuwa, suna cire takalmi a bakin ƙofa. Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne buɗe darasi da abin ƙyama don aji ya yi shiru, "wai a ƙasa kaza ana cin kaza". Aji zai yi shiru, amma abin da yaro zai tafi da shi gida raini ne.

Rabon minti 35 ɗin: 3 gaisuwa, 10 nunawa da bayani, 14 aikin rukuni na yara takwas-takwas, 8 kowa ya rubuta abu ɗaya da muka yi kama da mutanen da abu ɗaya da muka bambanta. Ke za ki haɗa rukunan, ki gauraya su, in ba haka ba 'yan harshe ɗaya za su dunƙule wuri guda.

TAMBAYA: Ɗana ɗan aji uku ya dawo gida yana haɗa tafin hannu yana gaishe ni irin na Indiyawa. Malam, wannan ba hanyar ɓata tarbiyya da addinin yara ba ce? (Wani uba, Azare)

AMSA: Alhaji, damuwarka ta uba ce, kuma tana kan hanya. Amma a raba sanin abu da yin sa. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna, aya ta 22 a Suratur Rum kuma ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Sanin yadda wasu ke rayuwa bai saɓa wa wannan ba. Iyakar da malami bai kamata ya tsallake ba ita ce ibada. Zai iya cewa mutanen ƙasa kaza haka suke yi, amma ba zai sa yara su kwaikwayi sujada ko addu'a ko waƙar bauta ta wani addini ba, ko Musulmi ne yaran ko Kirista. Ka je makarantar cikin lumana, ka nemi ganin abin da aka tsara na zangon. A gida kuma kada ka tsawata wa yaron, domin in ka yi, gobe ba zai gaya maka abin da aka koya masa ba. Ka ce ya ba ka labarin mutanen, sannan ka ce, "To mu yaya muke gaida babba?" Ya durƙusa ya nuna maka.

TAMBAYA: Bara mun yi ranar al'adu, ta ƙare da kuka. An yi wa wasu yara dariya, iyaye kuma suka yi ƙorafin kuɗin kaya. Mu daina ne? (Hedimasta, ƙaramar hukumar Kaltungo)

AMSA: Kada ku daina, ranka ya daɗe, tsarin za ku sauya. Abu biyu ke kashe wannan rana: ɗinkin sababbin kaya, da gasar "wace ƙabila ta fi". A soke duka biyun. A sanar da iyaye mako uku kafin ranar cewa babu saye, abin da ke gida za a kawo, ko hula ce, ko ɗan kwali, ko faifai, ko ƙwarya. Kowane aji ya gabatar da al'ada biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta waje, minti bakwai-bakwai. A cire wasan kwaikwayon da ake kwaikwayon karin harshen wata ƙabila don a ba mutane dariya. Nan ne kukan yake farawa. Maimakonsa a gayyato dattijuwa ko dattijo daga ƙabilar su yi tatsuniya ko su nuna sana'a, yara ba sa yi wa kakar abokinsu ihu. Abinci a rubuta abin da ke cikinsa, a guji duk abin da addinin wani yaro ya hana, kuma ɗanɗanawa ba dole ba ce. Idan kuna neman rana, 21 ga Fabrairu ita ce Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Mayu kuma ranar bambancin al'adu ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

TAMBAYA: Yara a ajina suna kiran juna "arne" da "ɗan ƙabila" da "bagidaje". In na yi magana sai su ce wasa ne. (Malamin aji biyar, Bauchi)

AMSA: Malam, wasan barkwanci na gaskiya, irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, tsakanin mutum biyu ne da suka yarda da juna, kuma kowa yana ramawa. Yara goma a kan yaro ɗaya ba wasa ba ne. Ka tsayar da abin nan take, a gaban waɗanda suka ji, da magana gajera: "A ajin nan da sunansa ake kiran mutum." Kada ka sa bulala, duka yana mayar da zagin bayan aji ne kawai, inda ba ka ji. Lokacin tara ka kira mai zagin shi kaɗai, ka tambaye shi inda ya ji kalmar, ka karanta masa aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabai. In Kirista ne, ka karanta masa Matiyu 7:12, da ta ce ka yi wa mutane abin da kake so su yi maka. Ya ba da haƙuri yana kiran sunan abokin. Wanda aka zaga kuma ka gan shi daban, ka tabbatar masa ka ji kuma ba laifinsa ba ne. Ka rubuta rana da abin da ya faru a littafi. In ya maimaita sau uku a zango, a kira iyayensa tare da hedimasta, a faɗa musu kalmar yadda yaron ya furta ta.