Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwarewa da Ruwa, da Abincin da Ke Tsayawa a Ƙirji

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti, in ya sha ruwa sai ya ƙware ya yi ta tari, alhali tuwo yana wuce masa. Wani mai kemis ya ba ni shawarar maganin tari, ƙanwata kuma ta ce injin markaɗe ya kamata mu saya. Wanne zan sa kuɗina a kai? Daga wani mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. Kada ka sayi maganin tarin nan, domin tarin shi ne yake fitar da ruwan da ya bi hanyar da ba tasa ba, kuma wasu magungunan tari suna sa barci, wanda yake ƙara raunana haɗiya.

A maƙogwaro hanyoyi biyu ne suka haɗu, hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. A duk haɗiya guda, harshe yana tura loma baya, ganɗa da belu suna ɗagawa su toshe hanyar hanci, maƙoshi yana hawa sama (abin nan da kake ji yana motsi in ka ɗora yatsa a wuya), wani ɗan murfi na guringuntsi yana kifewa a bakin hanyar iska, numfashi kuma yana tsayawa na ɗan lokaci. Duk wannan yana faruwa cikin kamar daƙiƙa ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa ce take tsara shi. Idan cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa sai rufewar ta riƙa makara, ruwa kuwa ya fi kowane abinci saurin gangarowa, shi ya sa yake riga murfin isa, tuwo kuma yake ba shi lokaci.

Saboda haka ƙanwarka ta fi kusa da gaskiya, ko da yake injin ba dole ba ne, musamman inda wutar lantarki ba ta zama. Rariya da maburgi za su yi aikin. Abin da ake nema shi ne abinci mai laushi wanda kaurinsa ɗaya ne, kamar koko mai kauri ko kunun gyaɗa da aka tace. Mu Katsinawa ba ma wasa da fura, amma furar da aka dama ta bar gudaji a cikin nono mai ruwa-ruwa tana cikin mafi haɗari, domin ruwan yana wucewa alhali baki yana fama da gudajin. A dama ta sosai, a tace. Shinkafa mai warwatsewa da ƙuli-ƙuli a ajiye su tukuna. A zaunar da Baba miƙe, a ba shi da ƙaramin cokali, kada a ɗura masa yana kwance, ya ci gaba da zama kamar minti 30 bayan ya gama, a kuma wanke masa baki.

Kuɗin da ya fi amfani shi ne na komawa asibiti a gwada haɗiyar tasa, misali a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, domin akwai masu ƙwarewa ba tare da tari ba, abin ya taru a huhu ya zama namoniya. Zazzaɓi, ko muryar da ke fita kamar da ruwa a cikinta, ko saurin numfashi, ba abin jiran wayewar gari ba ne. Idan likita ya ce a sa robar abinci ta hanci, kada iyali su ɗauka alamar yanke ƙauna ce. Da yawa ana cire musu ita bayan haɗiya ta dawo.

Tambaya: Na daɗe ina sayen omeprazole saboda ƙwannafi, yanzu kuma nama yana tsaya mini a ƙirji sai na kora da ruwa. In canza zuwa mai tsada? Daga wata uwargida a Daura.

Amsa: Hajiya, kada ki canza, ki je a duba ki. Hanyar abinci a jikin baligi tsawonta kamar santimita 25 ne, kuma tana matsa loma daki-daki har ta kai tumbi, inda wata tsoka mai zobe take buɗewa ta sake rufewa. Idan tsokar ta yi sako-sako, ruwan tumbi mai tsami yana dawowa sama, shi ne ƙwannafi. Shekara da shekaru yana ƙona wurin zai iya barin tabo hanyar ta tsuke, kuma akwai ciwon dajin da yake farawa da irin wannan alamar, musamman in ana rama. Magani mai tsada yana rage tsamin ne kawai, ba ya buɗe abin da ya tsuke. Ki nemi a yi miki gwajin nan da ake zura siririyar kyamara ta baki. Kafin lokacin, ki bar jiƙon kanwa, ki bar kwanciya sai bayan sa'o'i 3 da cin abincin dare, kowane kafso kuma ki sha shi a zaune da cikakken kofin ruwa.