Amsa: Abuja sunan mutum ne, ba na wuri ba

Malam, ka tambaya ko sunayen manyan biranen ƙasashe na da ma'ana, kuma ko Abuja kalmar Gwari ce. A'a, Hausa ce tsantsa. Bayan jihadi, sarautar Haɓen Zazzau ta yi kudu, sai Abubakar Ja, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa gari a 1828 aka riƙa kiransa da sunansa. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, sai aka ari sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ka ga an yi musayar suna ke nan, mutanen Suleja suka yi kyauta babba.

Na sauran ƙasashe ma da daɗi. Adis Ababa a Amharik "sabon fure" ne. Injamena da Larabcin Chadi wurin hutawa ne, kafin 1973 Faransawa na kiranta Fort-Lamy. Nairobi daga yaren Masai, ruwa mai sanyi. Kartum kuwa yawanci ana cewa "hancin giwa" ake nufi, wai saboda siririyar ƙasar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu kafin su haɗu.

Sinawa da Japanawa ba su wahalar da kansu ba: Beijin "babban birnin arewa", Tokiyo "babban birnin gabas". Shi ke nan.