Yarona sai barci yake, an ce a ɗebi ruwan bayansa

Tambaya: Salamu alaikum lokotoro, daga Birni nake rubutowa. Yarona ɗan shekara 4 ya fi sati 2 da ciwon kai da amai, ya sha maganin palu ba sauƙi, yanzu sai barci. An ce a ɗebi ruwan bayansa, ni kuwa tsoro nake ji. Babansa ya yi tarin fuka bara, bai ƙarasa magani ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Alamun nan na iya zama sanƙarau na tarin fuka, don Allah ki yarda a ɗebi ruwan nan na cikin ƙashin baya yau, ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki na maido shi.

Sanƙarau da muka sani lokacin zafi kwana ɗaya yake kada yaro, amma wanda ƙwayar tarin fuka ke kawowa a hankali yake shigowa, rama, ƙin abinci, barci, wani har ido ya karkace, shi ya sa ake ta bin palu lokaci na tafiya. Ruwan yakan fito garau kamar ba komai, sai a analiz a ga sukari ya sauka, furotin ya hau. Ƙwayar ba ta da yawa a ciki, madubin likita sau da dama ba ya ganinta, shukar ƙwayar kuma, wato a raine ta a ɗakin gwaji har ta fito, sai makonni. Na'urar gwaji ta GeneXpert da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta amince da ita a 2010 cikin kamar awa 2 take ba da sakamako har ta faɗa ko rifampisin, babban maganin tarin fuka, na kashe ƙwayar. To amma ki riƙe wannan, ko ta ce babu ba shi ke nan ba, in alamu sun nuna fara magani ake yi, jira shi ke lalata ƙwaƙwalwa.

Maganar babansa ita ta fi damuna. In mutum ya katse magani, raunanan ƙwayoyi sun mutu, masu taurin kai suna hayayyafa, in suka fi ƙarfin rifampisin da izoniyazid duka biyu ana cewa MDR, kuma yaro na iya ɗaukar irinta kai tsaye ko bai taɓa shan magani ba. A nan sai an canja zuwa irin su lebofuloksasin da linezolid masu ratsawa ƙwaƙwalwa. Ki gaya wa masu duba yaron wannan tarihin ba ɓoye-ɓoye, a kai baban a gwada majinarsa, ƙwaya ta fi saurin bayyana a nan.

In ƙwayar ba ta bijire wa magani ba, wata 12 yaron zai sha, magani kala 4 wata 2, kala 2 wata 10, da dekisametazon a makonnin farko don rage kumburi. A yi wa yaron gwajin sida, sauran yaran gidan ma a kai su babban asibitin Damagaram a duba su.